Minti Biyun Ƙarshe na Saƙon Baba

Teburin Malama yana can baya a cikin coci, dab da ƙofa, inda iska ke kaɗa labule ta haɗa da takardunta. A kansa akwai kwamfuta da linzaminta, da wata doguwar baƙar waya da ta bi jikin bango ta hau rufi har zuwa majigi. Shekara shida ke nan tana zama a wurin kowace Lahadi. Daga Litinin zuwa Juma'a lissafi take koyarwa a sakandare, ran Lahadi kuma ita ke sa baitocin waƙa su fito a farin allon da ke saman bagade. In ta yi daidai, ba wanda ya san tana nan. In amshi ya makara da daƙiƙa biyu, kawuna ɗari biyu ne za su juyo su dube ta.

A gida Auta ake ce mata, ko da yake ta haura arba'in. Mahaifinta shi ne tsohon faston cocin. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan aiki kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Dattawa suka tsayar da Lahadi mai zuwa don sujadar godiya da sallamarsa, likita kuma ya ce ba zai iya zaman awa uku a cikin taro ba. Sai Baba ya ce, to, a ɗauki maganarsa a waya a nuna wa jama'a.

Daga nan matsalar ta taso. Tsohuwar manhajar da ke kan kwamfutar ba ta shiri da bidiyo. Waƙa kam tana fitarwa lafiya, amma da an ɗora mata hoto mai motsi sai ta sandare. A bara wani fasto ya aiko da gaisuwa daga nesa, fuskarsa ta tsaya a allo baki buɗe har minti goma, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Ba wanda ke son a yi wa Baba haka. Dattawa suka naɗa mutum uku su zaɓo sabuwar manhaja: Malama, da Mai Piyano da ke jagorantar mawaƙa, da babban wanta, wanda 'yan coci ke kira Injiniya, ita kuma take ce masa Yaya.

Malama ta gwada guda biyar, ta zubar da uku. Biyun da suka rage ba ta wahalar da kowa da sunayensu ba, launin fuskarsu ta bi. Ɗaya Shuɗiya, ɗaya Baƙa.

Ran Alhamis da yamma, bayan ta tashi daga makaranta, suka haɗu a cocin. Ba kowa sai su uku da ƙarar fanka.

“Wannan ita ce Shuɗiya,” in ji Malama, tana danna linzami. “Ba ta da kwalliya. Ka danna, baiti ya fito. Ba ta neman intanet, kuma haruffanmu masu lanƙwasa duk tana fitar da su daidai. Bidiyo kuma tana kunna shi daga farko har ƙarshe, ba tangarɗa. Sau goma na gwada.”

“Ɗayar fa?” in ji Mai Piyano. Mace ce mai fara'a, ba ta iya zama ba tare da yatsunta suna buga wani abu ba.

Malama ta buɗe Baƙa. Nan take allon ya cika da hoton ruwa yana gangarowa daga dutse, kalmomin waƙa suna shawagi a kai.

Mai Piyano ta dafe ƙirji. “Wannan ai ko mai muryar kwaɗo ya gani sai ya ji kamar ya iya waƙa.”

“Ki duba layi na biyu tukuna.”

A inda ya kamata a ga “Ɗan Allah”, wani ɗan akwati ne a tsaye a madadin harafin farko.

“Sai na bi waƙoƙi ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya ina canza musu salon rubutu,” in ji Malama. “Kuma tana da nauyi. Kwamfutar nan ta tsufa, kuna jin yadda take nishi.”

Duk wannan lokaci Yaya yana zaune a ƙarshen benci, makullin mota a hannu, bai ce uffan ba. Mutum ne da ko saƙon waya sai matarsa ta rubuta masa. Malama ta ɗauka an sa shi a kwamitin ne don kawai a ce akwai dattijo a ciki.

“Wacce ce ake iya yanke bidiyo da ita?” ya tambaya.

“Yankewa kamar yaya?”

“A ce ya tsaya a wuri kaza. Ya dushe a hankali, kamar can ne ƙarshensa.”

“Baƙa tana yi. Akwai wata 'yar alama da ake ja zuwa inda ake so ya ƙare. Shuɗiya ba ta yi, sai dai mutum ya tsayar da hannu, kowa kuma zai ga an tsayar.”

“To Baƙa za mu ɗauka.”

“Yaya, ka ji abin da na ce game da haruffa kuwa?”

“Na ji. Waƙa nawa za a yi ran Lahadi? Bakwai? Ki gyara bakwai ɗin, saura a bi su a hankali.”

Ta dube shi. Bai dube ta ba, allon yake kallo, ya haɗe rai kamar mai duba tsagewar bango. Mai Piyano ta ɗaga hannu tana dariya, ta ce ita dai ruwan nan ya riga ya tafi da ita. Biyu da ɗaya. Malama ta rubuta a takarda cewa kwamiti ya zaɓi Baƙa, ta sa hannu, wani abu yana ɗan sukar ta a rai ba ta san ko mene ne ba.

Ran Asabar da safe tana cocin tana gyaran waƙa ta biyar sai ga Yaya. Bai zauna ba. Ya ajiye filashar kwamfuta a kan teburin.

“Ga saƙon Baba. Jiya na karɓo daga wayar Mama. Minti bakwai ne da 'yan kai. Ki sa alamar a minti biyar da daƙiƙa goma.”

“Sauran fa?”

“Sauran ciwo ne ke magana. Ya gaji, harshe ya yi nauyi, yana ta maimaita abu ɗaya. Ba kyau mutane su gan shi haka. Ba ma sai kin ɓata lokacinki kin kalla ba.”

“To.”

“Biyar da goma, Auta.”

“Na ji, Yaya.”

Ta jira har ƙarar motarsa ta ɓace. Ta sa filashar, ta ɗora bidiyon a Baƙa, ta rage sautin lasifika, ta kunna.

Baba ya fito a allon, ya fi girman mutum sau uku. Yana zaune a kujerarsa ta falo, an sa masa farar rigar nan mai wuya, gefen bakinsa na hagu ya ɗan zube. Hoton yana rawa kaɗan, alamar Mama ce ke riƙe da wayar. Ya gai da ikilisiya. Ya gode wa dattawa, da mata, da matasa. Ya yi wa sabon fasto addu'a. Maganar tana fita da ƙyar, amma kowace kalma a wurinta take. A minti biyar da daƙiƙa takwas ya ce, “Ubangiji ya tsare ku.” Ya yi shiru. Lalle in an dusar da hoton a nan, kowa zai ce amin ya tafi gida.

Sai ya ɗago ido.

“Akwai magana ɗaya da ta rage. Kafinta, in kana nan, da kai nake.”



Babu wanda ya kai shekara goma sha biyu a cocin da bai san zancen ba. A lokacin Kafinta ne ke jagorantar mawaƙa, shi ne kuma aka ba aikin yi musu sabon dandamali mai hawa uku. Ranar da aka buɗe shi, ana tsakiyar waƙa, hawan sama ya karye da mutum tara a kai. Wata mai ɗinki ta karye a ƙugu, har yau da sanda take tafiya. Lahadin da ta biyo baya Baba ya tsaya a gaban jama'a ya ce ganganci ne da aikin ha'inci, ya sauke Kafinta daga jagorancin mawaƙa. Daga nan mutane suka daina kai masa aiki, har ya rufe shago ya koma yi wa wani aiki a ƙarƙashinsa. Bai bar cocin ba. Ya dai koma benci na ƙarshe, wanda ke gaban teburin Malama. Shekara shida tana kallon ƙeyarsa tana yin furfura, ba ta taɓa jin ya buɗe baki ya yi waƙa ba.

“Ka zo ofishina sau biyu,” in ji Baba a allon. “Ka ce katakon bai bushe ba, ginshiƙan kuma sun yi sirara, a ba ka mako uku. Ɗana na fari shi ne shugaban aikin. Ya ce an riga an gayyaci baƙi, a ci gaba. Ni kuma na goyi bayansa. Da abin ya faru, na san gaskiya, na rufa wa ɗana asiri na ɗora maka. A gaban jama'a na ɓata maka suna, don haka a gabansu nake roƙonka. Ka gafarta mini. 'Yar'uwa mai ɗinki, ke ma ki gafarta mini.”

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya kamar zai ƙara wani abu, sai hoton ya karkata zuwa ƙasa, aka ga silifas ɗin Mama, ya ƙare.

Malama ta daɗe a zaune. Alamar yankewa tana nan a ƙasan allo, ja, 'yar mitsitsiya. Ba ta taɓa ta ba. Ta rufe kwamfutar, ta kulle cocin, ta nufi gidan iyayenta.

Ta tarar da Mama a kicin tana jera magungunan Baba a 'yan kofuna, na safe daban, na rana daban.

“Kin gani ke nan,” in ji Mama, da ta ga fuskarta.

“Na gani. Mama, da hankalinsa ya faɗa?”

“Sau huɗu muka ɗauka. Tun ƙarfe tara har rana ta take. Godiyar nan ta farko bai damu da ita ba, ta ƙarshen ce ya sa na rubuta masa a takarda ya yi ta maimaitawa kwana uku, don kada harshe ya ci amanarsa.” Ta rufe kwalbar magani da ƙarfi. “Na ce masa ya kira mutumin nan gida su yi ta su biyu. Ya ce ba a gida ya yi masa laifin ba.”

“Yaya ya ce in yanke.”

Mama ta juya mata baya, ta buɗe famfo, ba ta wanke komai ba.

“Kada ki tambaye ni, Auta. Wannan mijina ne, wancan ɗana ne. Ni dai waya aka ce in riƙe, na riƙe.”

Baba yana falo, an jingina shi da matasai, idonsa biyu. Ta durƙusa kusa da kujerar ta gaishe shi. Ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito.

“Na'urar... za ta yi?”

“Za ta yi, Baba.”

“Duka?”

Da hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannunta. Babu ƙarfi a riƙon, amma bai saki ba.

“Duka, Baba,” ta ce.

Tana fitowa ta yi kiciɓis da Yaya a bakin ƙofa, yana ɗauke da ledar 'ya'yan itace. Ya dube ta sau ɗaya ya gane. Ya ajiye ledar a kan dakali.

“Na ce miki ba sai kin kalla ba.”

“Ka ce mini ciwo ne ke magana.”

“Rage murya.” Ya ja ta gefen mota. “Ki saurare ni. Ban ce ban yi kuskure ba. Shekarata nawa a lokacin? Talatin da huɗu, ina ganin na san komai. Ba daren da ba na tuna ƙarar katakon nan. Amma in Baba zai tuba, ya tuba da nasa. Wa ya ba shi izinin tuba da nawa? Shi zai faɗa daga kan kujerarsa a falo, ni ne zan zauna a gaban mutane suna kallona. Matata tana wurin. 'Ya'yana uku suna wurin, babbar tana cikin mawaƙa. Ran Litinin in je wurin aiki, injiniyan da ya ce a hau ɗanyen katako. Kin yi tunanin wannan?”

Ta yi tunanin. Tun a hanya take yi. Abin da ya fi damunta shi ne maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Shi ne ya goya ta zuwa makaranta ranar da ta fara, shi ne ya tsaya mata lokacin da aurenta ya mutu kowa yana ba ta laifi.

“To ka riga Baba,” ta ce. “Ka je gidan Kafinta yau. Ko gobe ka tashi kafin a kunna, ka faɗa da bakinka. Sai ya zama naka ne, ba wanda ya tona maka.”

“Ji ta. Kamar lissafin aji.”

“Kafinta ma yana da 'ya'ya, Yaya. Shekara goma sha biyu suna zama a wurin.”



“Kwamiti ya zaɓi manhaja,” ya ce a hankali. “Ni dattijo ne, na ce ki sa alama. Aikinki ki danna abin da aka ba ki.”

“Baba ya ba ni minti bakwai. Ba zan sa alamar ba. In kana so a tsayar, linzami yana kan tebur, ka zo ka tsayar da hannunka.”

Ta wuce ba ta waiwaya ba.

Ran Lahadi coci ya cika tun kafin lokaci, har an ƙaro kujerun roba a tsakanin layuka. Tsofaffin 'yan coci da suka ƙaura sun dawo don sallamar Baba. Motoci suka cushe a harabar, na baya suka toshe na gaba. Mama tana layin farko cikin fararen kaya. Mai ɗinki tana gefe, sandarta jingine da benci. Kafinta ya shigo a makare kamar kullum, ya zauna a wurinsa, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Aka fara waƙar buɗewa. Ruwa ya gangaro a allo, mutane suka yi ta taɓa juna suna nunawa. Kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta tana kuka. A baiti na uku Baƙa ta yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, sannan kalmomin suka fito.

Ana cikin karatun Littafi sai ta ji an ja kujerar roba kusa da ita. Yaya ne. Ya bar wurinsa a layin dattawa ya zagayo ta waje. Ya zauna, gwiwarsa tana taɓa ƙafar teburin. Ba su dubi juna ba.

Sabon fasto ya gama taƙaitaccen wa'azinsa, ya ce, “Yanzu za mu ji daga bakin babanmu. Malama, bismillah.”

Aka kashe fitilun gaba. Ta danna.

Da fuskar Baba ta fito, wani gunaguni mai taushi ya ratsa cocin. Wasu mata suka fara share ido tun bai yi magana ba. Malama ba allon bango take kallo ba, lambobin da ke ƙasan kwamfutarta take kallo. Minti ɗaya. Biyu da rabi. Ya gode wa mata, suka amsa da amin. Minti huɗu. Ta ɗauke hannunta daga linzamin ta ɗora a cinya, kamar yadda ta yi alkawari.

A huɗu da hamsin, hannun Yaya ya sauka a kan linzamin. Ta ga jijiyoyin bayan hannun, da zoben aurensa.

“Ubangiji ya tsare ku,” in ji Baba.

“Amin,” in ji coci gaba ɗaya.

Baba ya ɗago ido. “Akwai magana ɗaya da ta...”

Yaya ya danna. Ya makara da numfashi ɗaya.

Hoton ya tsaya cak, idon Baba a kan jama'a, bakinsa a ɗan buɗe. Wani ya yi tsaki a hankali, wata ta ce abin ya sake lalacewa. Kawuna suka fara juyowa baya, layi bayan layi. Kafinta ma ya juyo. Tsakaninsa da teburin bai fi taku ɗaya ba. Ya dubi Malama, ya dubi hannun da ke kan linzami, ya dubi mai hannun.

“Malama,” in ji sabon fasto ta makirufo, “na'ura ce, ko akwai saura?”

Da ta ce na'ura ce, ba mai musu. Sabuwa ce, kowa ya sani, kuma an saba. Ta ji Yaya yana numfashi kusa da kunnenta.

“Auta,” ya ce, can ƙasa. “Don Allah.”

Tunda take, bai taɓa roƙonta komai ba. Ta miƙe tsaye.

“Akwai saura, Fasto. Minti biyu.”

Cocin ya yi tsit, sai kukan fankar kwamfuta. Ba ta kai hannu ba. Ta tsaya tana jira, shi ma yana zaune, hannunsa a wurin. Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Sai ya tura linzamin zuwa gefenta da yatsa biyu, ya tashi, ya fita ta ƙofar da ke bayansu.

Ta danna.

Ba ta kalli allon ba, ta riga ta san abin da ke ciki. Mutane ta kalla. Ta ga matar Yaya ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa bencin gaba. Ta ga 'yarsa a cikin mawaƙa ta toshe baki da littafin waƙa. Mai ɗinki ta riƙe sandarta da hannu biyu tana girgiza kai a hankali. Mama ba ta motsa ba ko kaɗan. Kafinta kuwa ya zauna a miƙe, kafaɗunsa ba su ko girgiza ba, sai dai hular da ke gwiwarsa ya murɗe ta kamar mai matse wanki.

Da bidiyon ya ƙare ba wanda ya ce amin. Sabon fasto ya tsaya da makirufo a hannu. Daga ƙarshe ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a a zuci. Cikin wannan shirun Kafinta ya tashi, ya bi ta gefen teburin Malama, ya fita.

Ta leƙa ta ƙofa. Yaya bai tafi ba. Motoci biyu sun toshe tasa, yana tsaye a jikinta da makulli a hannu. Kafinta ya nufe shi kai tsaye, ba sauri, ya tsaya a gabansa.

Mai Piyano ta buga sautin farko na waƙar rufewa. Dole Malama ta koma kan kwamfuta. Ta fitar da baiti na ɗaya, ta waiwaya: Kafinta yana magana, yana nuni da hannu, Yaya yana kallon ƙasa. Ta fitar da amshi. Ta waiwaya: yanzu Yaya ne ke magana. Baiti na biyu yana da tsawo, mutane suna waƙar da raunin murya, dole ta bi su layi-layi. Da ta sake waiwayawa, Kafinta ya kai bakin ƙofar harabar shi kaɗai, Yaya kuma yana zaune a kan dakalin fulawa, kansa a cikin tafin hannunsa. Ba ta taɓa sanin abin da suka faɗa wa juna ba, ba kuma wanda ya gaya mata.

A makon nan Yaya ya rubuta wa dattawa takarda ya ajiye muƙaminsa. Iyalinsa suka yi Lahadi uku ba su zo ba, a ta huɗu matar da yaran suka dawo, shi sai daga baya. Wasu sun ce Malama ta kyauta, wasu sun ce ba a yi wa ɗan'uwa haka, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Kafinta ya je gidan Baba ran Laraba. Mama ta ce ta kai musu shayi ta bar su, sun fi awa ɗaya, yawancinta shiru. Da aka yi masa tayin komawa cikin mawaƙa ya ce muryar ta tafi, a bar wa yara.

Wata biyu Yaya bai yi wa Malama magana ba. In ta kira, matarsa ce ke ɗauka ta ce yana wanka. Ranar da za a mayar da Baba asibiti a duba shi, Mama ta ce bayanta yana ciwo, ba za ta iya ɗaga shi ba, sai su biyun su kai shi. Suka kama shi, ɗaya a kowane gefe, suka zaunar da shi a gaba, Yaya ya ɗaura masa bel. Malama ta shiga baya da jakar magunguna. Baba ya yi barci tun kafin su hau babban titi.

Suka yi nisa. A wata mahaɗa danja ta tsayar da su. Yaya ya gyara madubi, idonsu ya haɗu a ciki.

“Babbar 'yar tawa lissafi yana ba ta wuya,” ya ce. “Jarrabawa saura wata ɗaya.”

“Ka turo ta ran Asabar da safe.”

“Ƙarfe nawa?”

“Tara.”

Ya gyaɗa kai. Aka ba su hannu, ya ja motar a hankali don kada Baba ya farka.